Ranar da Na Ƙunsa wa Yaran Gari Lalle

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ƙunsa wa 'ya'yan mutane lalle ba, maza da mata, har da ni kaina, gemai-gemai da ni.

A lokacin ni ke kula da ɗan ɗakin karatun firamaren ƙauyenmu, can gefen Makoda. (Na ce ɗakin karatu ne don in mutunta shi, tsohon sito ne aka share, aka kafa katakai.) Wata ƙungiya daga birni ta kawo mana littattafan yara masu hotuna, ni kuma da rawar kaina na ƙirƙiro shirin hutu: duk Alhamis da hantsi mu karanta littafi ɗaya, sannan yara su zana abin da ya burge su a ciki.

Matsalar ita ce hutun ya faɗo tsakiyar noma, kowane uba yana bukatar ɗansa a gona. Alhaji Mudi, shugaban iyayen yara, bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, karatu dai mun san shi. Amma a cire yaro daga noman maimai don ya je ya zana kaza? To, za mu gani." Aka tsayar cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci iyaye za su zo su ga aikin. In bai gamshe su ba, a rufe shirin, yara su koma bakin fartanya. Hankalina ya tashi, domin ina son shirin nan har cikin raina.

Littafin wannan makon labarin wata bishiya ne da yara suka raina, kuma mai zanen ya yi ganyenta kamar tafin hannu. Nan dabara ta faɗo mini: in zana gindi da rassa a jikin babban kwali, kowane yaro ya tsoma tafinsa a koren fenti ya manna. Kowane uba zai ga hannun ɗansa a jikin bishiya. Wa zai iya rufe shiri bayan wannan?

Sai da safiyar Alhamis na tuna koren fentin ya ƙare tuni, yara sun cinye shi wajen zana gero da gyaɗa. Ina cikin zagaye tsakar gida sai idona ya faɗa kan wata roba a ƙofar ɗakin Yaya Hadiza, yayata mai sana'ar ƙunshin amare. Lalle ne kwaɓaɓɓe, kore shar. Ta leƙa maƙwabta, ni kuwa na sungumi robar na ɗaure a bayan keke.

Kada ku ce ban san lalle na kamawa ba. Na sani. Amma a ilimina na namiji, sai an ɗaure shi da leda an wuni a zaune. Ban san na Yaya yana da lemon tsami da wasu haɗe-haɗe da take yi wa amare masu gaggawa ba.

Ina buɗe robar wata yarinya, Rabi, ta shinshina ta ce, "Malam, wannan ai lalle ne."

Na ce, "Yau fenti ne."

Mazan suka fara ja da baya. Don in cire musu tsoro, na naɗe hannun riga na tsoma hannayena duka biyu har wuyan hannu. Nan suka yi layi ana ta manna tafi, bishiya ta yi ganye luf-luf. Da yake bokitin ruwanmu ɗaya ne, na kafa doka: kada wanda ya wanke hannu sai kowa ya gama. Bayan an gama kuma daɗi ya ɗebe ni, na zaunar da su na sake karanta musu labarin tun daga farko, har da canza murya. (Wato da bakina na ba lallen lokacin da yake bukata.)

Da muka wanke, kowa ya zura wa hannunsa ido. Tafin kowa ja wur. Matan suka hau murna, mazan suka hau kuka. Nawa ya fi na kowa kamawa.

Da na koma gida, ba abin da ban goga ba: sabulu, toka, yashi, kananzir. Yaya Hadiza ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Haba ƙanena, ai da ka faɗa mini, da na yi maka mai fulawa."

Ranar Juma'a na zura babbar riga na cusa hannaye ciki kamar mai jin sanyi. Da na buɗe ɗakin karatu na tarar da wani sabon tashin hankali: lallen ya bushe ya kakkaɓe, koren ya tafi. Bishiyata ta koma ja-ja-ja, kamar wadda fari ya ƙone a tsakiyar damina.

Iyaye suka cika ɗakin, Alhaji Mudi a gaba, riƙe da ɗansa Nura. Ya yi sallama ya miƙo mini hannu. Dattijo ya miƙo hannu a gaban jama'a, ina mafita? Na rusuna na zaro nawa duka biyu. Ya riƙe su, ya juya gaba, ya juya baya, a tsanake.

Ya ce, "Masha Allah, ya kama. Malam, wane ne angon? Ba a kawo mana goro ba."

Ɗakin ya fashe da dariya. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Ana cikin haka Nura ya ja rigar babansa zuwa jikin kwali, ya ɗora jan tafinsa kan wani ganye, ya dace daidai. Ya ce, "Baba, wannan nawa ne." Sai ya ɗauko littafin ya fara karanto labarin, yana tuntuɓe yana tashi, har ƙarshe. Alhaji ya saurare shi har ya gama. Can ya juyo gare ni.

"A ci gaba da shirin. Amma Malam, don Allah a bar mana maza haka nan. Matan ma a riƙa neman izini."

Lallen ya yi makonni kafin ya bar farcena, sunan Malam Amarya kuwa har yau bai bar ni ba. Abin da na koya kaɗan ne amma ya zauna: duk robar da na gani a ƙofar ɗakin mace, ko ruwan sha ne a ciki, sai na jira mai ita ta dawo na tambaya.