Muciyar Kaka Za Ta Shiga Aji

"Lafiya lau nake, kafin in gan ka," in ji Rukayatu, ta tokare ƙofar flat ɗinta a Tottenham.

Taubashinta Maharazu ne ya taso tun daga Whitechapel. Wata uku yana ajin Turanci na council, wato ƙaramar hukuma, bai taɓa cewa uffan ba. Gobe kuwa in bai buɗe baki ba, babu takardar da zai nemi aikin tuƙin bas da ita. Tsoro fal cikinsa, amma sai hura hanci.

"Matsa, baiwa, ubangidanki ya iso."

"Ubangida da ɓarkakkiyar lema? Me ka zo roƙo?"

"Aro dai. Malama ta koya mana reminisce."

"Ana warkewa?"

"Jahila! Tuna baya ne, irin mai daɗin nan. Kowa zai kawo wani abin gida ya ba da labarinsa. Mista Bae, ɗan Koriya, cokalin uwarsa ya kawo. Turancinsa bai fi nawa ba, amma sai da ya sa aji hawaye."

"Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Kai tumbinka mana, shi kaɗai ka taho da shi daga Zariya."

"Muciyar Kaka nake so."

"Tabɗi! Wadda ta san bayanka fiye da tukunya? Sai yau za ka fafe gora, ranar tafiya? Ka hau jirgin ƙasa na tube da muciya, 'yan sanda su yi arresting ɗinka!"

"In ce musu sandar kiwonki ce."

Ta ɗauko muciyar, amma ba ta saki ba.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ce ajin. Faɗi mu ji."

Ya kama ɗaya bakin, wurin da hannun Kaka ya cinye itacen. Sannan ya buɗe baki.

"I reminisce my grandmother. She beat me. After, she give me ƙanzo. Every day."

Rukayatu ta fashe da dariya, tana goge ido da bakin mayafi. Kewar tsohuwar ce ta kama ta.

"Ɓarawo! Ashe kai ke cinye min ƙanzo shekara da shekaru!"

"Fassara min ƙanzo, in yafe miki bautar."

"Bar shi haka, ɗan Koriyan ma ya san gindin tukunya." Ta naɗe muciyar a zani ta miƙa masa. "Ungo. In ka dawo ba takarda, da ita zan tare ka."