Ranar da Na Karanta Jarida Har Bayan Takarda Ta Ƙare

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Ƙofar Rini ba, ko da na so. Lokacin ina sabon malamin ofis a Sakkwato, Turawa ba su daɗe da fara buga jarida da Hausa ba, kuma ni ke aika musu labarin gari, ba a sa sunana.

Matar Di'o tana da ƙungiyar tausayin dabbobi, suna wanke wa jakuna gyambo. Ita ta kira ni ta ce an gurfanar da wani maharbi don ya harbe barewa ba lasin, an ƙwace bindigarsa, in rubuta. Ban taka kotu ba. Na zauna na zuba wa ƙungiyarta yabo, maharbin kuwa na ce ya bar barewa tana kuka yana dariya. (Mijinta duk Lahadi sai ya harbo biyu, amma alƙalamina bai ga wannan ba.)

To, ina neman auren Hajaru, 'yar Alhaji Bawa mahauci. Na je gaisuwa ranar nan, na tarar da dattawa a zaure, ga wani dogon tsoho a gefe ya sunkuyar da kai. Alhaji ya miƙo mini yagaggen shafin jarida da aka naɗo tsire a ciki.

"Ɗana, karanta muna wanga. An ce aminina Mamman anka zaga ciki."

Na duba shafin. Labarina ne, kuma dogon tsohon nan da ke zaune shi ne Mamman maharbin. Na ce mai ya ɓata rubutun. Alhaji ya ce in dai gwada.

Na fara karantawa. Dattawa na ta jan tasbaha. Don tsoro na kasa kallon kowa, na kasa kallon takardar ma, sai na kafa wa azara ido, yatsana kawai ke bin layi. Ni kuwa tun makarantar allo abin da hannuna ya rubuta ba ya barin kaina. Na shiga rangaji ina zubo shi kamar tilawa, har da wurin dariyar.

"Dakata," in ji Alhaji. Ya karɓi shafin ya juya shi. "Ni ban san boko ba, amma na san inda takarda ta ƙare. Yatsanka ya kai bakin yaga tun ɗazu. Sauran daga ina kake ɗebo shi?"

Kunya ta rufe ni har na ji ina ma ƙasa ta tsage.

Mamman ya ɗago kai. "Yaro, kana wurin sa'ad da niy yi dariyar? Barewar ga gerona taka ci, shekara ukku."

"Ba na nan, Baba."

Alhaji bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi maganar Hajaru ta tsaya sai ranar da bindigar Mamman ta dawo hannunsa.

Na rubuta gyara, jarida ba ta buga ba. Wata bakwai ina sintiri tsakanin ofis da kotu, ina durƙusa wa mutanen da a da nake wucewa da taƙama, kafin aka sako bindigar. Ni na saɓo ta a kafaɗa ta tsakiyar kasuwa.

Tun daga nan abin da ban gani ba ba na rubuta shi. In kuma aka ce in karanta wa dattawa jarida, ina yi ne da yatsa a kan layi, ina tuntuɓe kamar kowa.