Yadda Za Ka Zama Kwastomomin Kanka Ba Tare da Umma Ta Gane Ba

Ɗan'uwa kafinta, ajiye zarton nan ka matso. Na leƙa shafin shagonka a intanet, kuma wallahi na tausaya maka. Ka ɗora hoton gado, ka ɗora na kabad, amma duk faɗin duniya mutum ɗaya ce ke yi maka sharhi, wato Ummanka, wadda tun rasuwar Baba ta koma hira da waya, take rubuta "Allah ya yi albarka" a ƙarƙashin kowane tebur. Shi kuwa kafintan tsallaken titi, wanda ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba, yabo har ya yi masa yawa. To, share hawayenka. In ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin masoya za su cika maka shafi, kuma dukkansu kai ne. Sharaɗi ɗaya kawai, kada Umma ta gane. Ka dai san kallon nan nata.

Mataki na 1: Haifi kwastomominka

Buɗe akawun kala-kala a intanet, kowanne da halinsa. Ka yi Sabuwar Amarya, wadda komai ta gani sai ta ce ya tafi da imaninta. Ka yi Babban Ɗan Kasuwa, shi ba ya dogon surutu, iyakarsa "A aiko min da irinsa." Ka yi Mai Ƙorafi, ya kushe ka yau, gobe ya dawo ya ba da haƙuri, don yabo zalla yana jawo zargi.

Sannan ka yi Malama Mai Ritaya, dattijuwa mai natsuwa da ciwon gwiwa. Kowa yana yarda da maganar tsohuwar malama. Wannan binciken masana ne, ni ne masanan.

Mataki na 2: Nemo musu akwati

Kowane akawun yana son kalmar sirrinsa, kuma kanka ba zai ɗauka ba. Kai ne fa kake birkita shago neman fensir alhali yana maƙale a kunnenka. Saboda haka sauke manhajar adana kalmomin sirri. Akwati ce a cikin waya, kana zuba duk makullanka a ciki, ka rufe da babbar kalma guda, ita kaɗai za ka haddace.

Manhajar da kanta za ta ƙirƙiro wa kowa kalmarsa, doguwa, a hargitse, kamar kaza ta bi ta kan madannai. Kada ka yi mata gardama. Babbar kalmar kuma, don Allah kada ka sa "katako". Ko ɓarawon da bai gama firamare ba daga nan zai fara.

Mataki na 3: Duba kafin ka danna

Daɗin akwatin nan shi ne, da ka zo ƙofar shiga sai ta jero maka mutanenka gaba ɗaya, ka taɓa ɗaya, ka zama shi. Hatsarin kuma shi ne yatsan kafinta kauri gare shi, ga gam, ga garin katako. Ranar da ka yi garaje, Babban Ɗan Kasuwa zai fito bainar jama'a ya rubuta, "Wayyo, ni da angona mun ji daɗin gadon nan." Goge da sauri, sannan ka turo Mai Ƙorafi ya tayar da rigima a kan fenti, hankalin mutane ya koma can.

Akwai gurbin bayani a ƙarƙashin kowane akawun, yi amfani da shi. Rubuta cewa gwiwar Malama ta hagu ce. Ciwon da ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa yana tona asiri.

Mataki na 4: In Umma ta yi wa Malama magana, amsa

Zuwa yanzu kasuwa ta buɗe. Mutanen gaske sun fara kira, na tsallaken titi ya fara harararka, kai kuma kana goge katako kana fito. Sai Malama ta rubuta cewa kujerarka ta taimaki gwiwarta. Sai ga saƙo ta bayan fage, daga Umma:

"Allah sarki baiwar Allah, ke ma gwiwa? Ai ɗana ne ya yi kujerar."

Kada ka firgita. Shiru rashin tarbiyya ne, kuma Malama tana da tarbiyya. Amsa mata: "Kai, Allah ya raya miki shi, yaron kirki." Ji daɗin rubuta wannan, ba kullum ake samu ba.

Daga nan fa ka shiga. Kullum da safe, kafin ka kunna injin, sai Malama ta tambayi Umma yaya ta kwana. Za ka koyi sunayen man shafawa. Za ka ba da shawarar ruwan ɗumi da tawul kamar ka yi shekaru kana fama. Za ka ji labarin maƙwabciya, da na kyanwar da ke shigo mata kicin, da yadda gidan yake yi mata faɗi in magariba ta yi. Wannan na ƙarshen kada ka tsaya tunani a kansa. Sha ruwa, ka koma kan aikinka.

Mataki na 5: Taimaki mahaifiyarka cikin gaggawa

Wata rana za ta kira ka, kai ɗin gaske.

"Wayar nan ta fitar da ni, wai in sa kalmar sirri. Ni ina na san ta? Ga shi ban amsa wa ƙawata ba."

Leƙa gidan a tsaitsaye, ko takalmi kada ka cire, kwastoma yana jira. Saita mata sabuwar kalma, kuma don kada a sake kiranka, sauke mata manhajar akwatin. Buɗe mata tata akwatin daban zai ci lokaci, sai an yi imel, sai an yi bayani. Kawai shiga da taka, ka jefa kalmarta a ciki, ka nuna mata inda za ta dangwala yatsa. Tsohuwa ce, me za ta duba?

"Ba za ka zauna ka sha ko ruwa ba?"

"Umma, sauri nake. Zan dawo."

Yaba wa kanka a hanya. Kai gwani ne.

Mataki na 6: Kare Malama daga ziyara

Umma za ta fara neman kwatancen gidan ƙawarta. Ce Malama ta tafi wajen 'yarta. In ta sake tambaya, ce ana gyaran rufi. In ta kuma, likita ya hana ta karɓar baƙi.

Shaiɗan zai raya maka ka sanar da rasuwarta ka huta. Kul. Umma za ta yafa mayafi ta ce ka kai ta gaisuwa, kuma ba ka da akawun ɗin magada.

Za ka lura daga baya ta daina zancen ziyarar, hirar safe ce kawai ba ta fashi. Ɗauka cewa dabararka ce ta yi aiki.

Mataki na 7: Karanta abin da ba kai ka rubuta ba

Wata safiya za ka ɗora hoton sabuwar kujera mai hannu, ka juya ka ɗauko shayi, ka dawo ka tarar Malama Mai Ritaya ta riga ta yi sharhi:

"Aiki ya yi kyau. Amma na ji an ce kujerar da mahaifiyarka take zama a kai ƙafarta ta karye, da bulo aka tokare ta."

Duba yatsunka. Duba wayarka. Tuna cewa akwatin tana jero mutanenka gaba ɗaya ga duk wanda ya dangwala yatsa, a kowace waya aka sa ta. Tuna kuma cewa da hannunka ka sa ta a wayar Umma.

Mataki na 8: Ɗauki guduma

Rufe shago. Wannan karon cire takalmi. Za ka sami Umma a falo, waya a cinya, tabarau a hanci, bulo a ƙarƙashin kujera. Durƙusa ka gaishe ta, tunda dama aikin a ƙasa yake. Ita za ta riga ka magana:

"Sannu da zuwa, Malama. Yaya gwiwar? Ta hagu ce ko?"

"Umma, tun yaushe?"

"Tun 'yan kwanaki bayan ka sa min akwatin nan. Na buɗe na ga amarya, na ga ɗan kasuwa, na ga ƙawata, duk a jere kamar 'yan makaranta. Na yi dariya har sai da na riƙe ciki."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Za ta cire tabarau ta goge da gefen zani, ta daɗe tana gogewa.

"Ita kullum tana tambayata yaya na kwana. Kai sai na kira. Na ji tsoron in na yi magana, ita ma ta daina."

A nan ba ni da wata dabara da zan ba ka. Kunya za ta kama ka, irin wadda ba ta barin mutum ya ɗaga kai. Kifa kujerar, ka auna ƙafar, ka yi aikin a hankali, don ba inda za ka. In ta miƙo ruwa, karɓa ka zauna.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ruwansa da kwastoman da ya jira ka a ƙofar shago har ya tsallaka titi, ko garin katakon da za ka ce shi ne ya faɗa maka a ido. Kalmar sirrin Malama kuwa, Umma ta canza ta, ta ce ƙawarta ce ba za ta bayar ba. Duk mai son ya ji yaya ta kwana, ya zo da ƙafarsa ya tambaya.