Manomi a Kan Tsani

Ko da na so, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye ƙyalle daga kan zanen da na yi wa Kawu Sale ba.

A Asata aka haife ni, cikin Enugu. Arewa kuwa ban san ta ba sai a bakin mutane. Babanmu mahauci ne, ni kuma fenti da buroshi na sa a gaba, abin da yake kira wasan yara. Kawu Sale yayansa ne, tsohon dillalin shanu da ciwon ƙafa ya hana zuwa gida. Da ya gina sabon falo sai ya ce in zana masa dutsen garinsu a lokacin kaka, ya riƙa kallo. Nan take Baba ya yanke hukunci: in Kawu ya yaba, ya ƙyale ni da zanena, in bai yaba ba, in koma rumfa in riƙe wuƙa.

Mai hankali zai zauna ya tambayi tsohon yadda garin yake. Ni fa? Na ce ai dutse dutse ne. Na hau keke zuwa bayan gari, na zauna gaban tsaunukan Enugu ina kwaikwayo, sauro na cizona, ruwan sama na korata. Wani direba har tsayawa ya yi ya tambaye ni da Turancin buroka ko fili nake son saya, "Aboki, you wan buy land?"

Sauran a waya na nemo. Hotunan kakar da na samu duk na Turai ne, bishiyoyi jajawur, na kwashe su na juye a kan dutsen. Sai na tuna Kawu yana cewa dawar garinsu ta fi mutum biyu tsayi. To ta yaya ake kaiwa gare ta? Na zana manomi a kan tsani yana tsinkar zangarniya ɗaya bayan ɗaya kamar mangwaro. (Abin haushin, tsanin nan ya fi komai kyau a zanen.)

Ranar walimar buɗe falon, wuri ya cika da dattawa. Aka janye ƙyalle. Kawu ya dogara sandarsa ya matso, ya ƙura ido.

"Inna lillahi! Ɗana, wa ya cinna wa dutsen wuta? Gobara da kaka, amfani yana gona?"

Na ce ba wuta ba ce, Kawu, ganye ne.

"Ganye. To wannan bawan Allah fa, me yake nema a sama?"

"Girbi yake yi, Kawu."

Wani dattijo shayi ya sarƙe shi don dariya. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaro, sare karan ake yi ya kwanta, sannan a yanke kan." Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ku dai riƙe masa tsanin, kada ya faɗa cikin wutar!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma dariyar ba ta dame ni kamar Kawu ba, wanda ya koma kujerarsa a hankali ya ce, "Wannan ba garinmu ba ne." Na ji kunya, na kuma ji tausayinsa.

Da muka iso ƙofar gida Baba ya ce, "Gobe ka kama sammako, akwai fiɗa."

Ina rumfar har yau, kuma kaf mayankar ba mai kirana da sunan yanka, sai Mai Tsani. Nakan taɓa zane da yamma, amma yanzu ko akuya aka ce in zana, sai na fara tambayar mai ita ƙafarta nawa.