Zoben da Na Ɓoye a Cikin Lefe

Ko da zan manta da komai na hidimar aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a Ƙofar Dumi ba. Har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini, ko da a gaban fanka nake zaune.

Abin ya samo asali ne daga wata magana da Nafisa, wadda zan aura a lokacin, ta yi ba da wata manufa ba. Muna zance a zauren gidansu tana duba waya, sai ta nuna mini hoton hannun wata amarya ta ce, "Kai, zoben nan ya yi kyau. Wai daimon ne." Iyakar abin da ta ce ke nan. Da mai hankali ne sai ya ce "ƙwarai kuwa" a wuce wurin. Ni kuwa nan take na ƙudura a raina sai na sa wa Nafisa daimon a yatsa. Ni fa, malamin makarantar kuɗi, wanda albashinsa bai taɓa ganin ƙarshen wata ba, ga ɗan ginin da nake lallaɓawa a Tirwun ko tagogi ban sa masa ba.

Na duƙufa bincike a waya ba ji ba gani. Na gano ba girman dutse kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda aka yanka shi, da haskensa, da tsabtar cikinsa. Na gano mai ƙaramin ƙarfi gara ya ɗauki ƙarami mai kyan yanka da ya ɗauki babba mai dishi-dishi, don yankan ne ke sa walƙiya. Na dami abokan aikina da wannan karatu har suka raɗa mini suna Alhaji Daimon (ban ji haushi ba, gaskiya ma daɗi nake ji).

Daga ƙarshe aka kwatanta mini shagon wata mata 'yar kudu da ke sayar da zobban aure. Na shiga ina hura hanci, na zazzage mata duk ilimina. Ta saurare ni tsaf, sannan ta tambayi abin da ke aljihuna. Da na faɗa, sai ta mayar da farantin manyan zobba cikin gilashi ta jawo wani daga can ƙasa.

"Oga, kuɗinka ba ya kai babba. Ka ɗauki wannan. Ƙarami ne, amma babu datti a ciki, ka duba da kanka."

Ta miƙo mini madubin dubawa, ta ɗora wata 'yar na'urar gwada daimon a kan dutsen ta yi ƙara. Dutsen bai fi ƙwayar dawa ba, amma in haske ya buge shi sai ka ƙifta ido. Na biya da kuɗin tagogin Tirwun, na fito ina jin duk Bauchi babu namiji irina.

Matsalar ita ce Gwaggo Lami, yayar babana, wadda ke haɗa lefen. Na san ta sarai. Ita gwal ta sani, abin da ake aunawa a sikeli, wanda in rana ta ɓaci mace za ta kai kasuwa ta rufa wa kanta asiri. Da ta ji abin da na kashe a kan ƙwayar dawa, da sai dangi kaf sun ji. Don haka na yanke shawarar in yi shiru, Nafisa ta tsinci abinta da kanta. Ranar da ake shirya akwatuna, na faki idon mata sun fita alwala, na faɗa ɗakin. Na ga wata atamfa mai tsada an ware ta a saman babban akwati. Na ce lallai wannan ce ta musamman. Na naɗe zoben a ɗan ƙyalle, na cusa shi cikin ninkin, na fice kamar ɓarawo.

Aka kai lefe. Nafisa ta kira ta yi godiyar atamfofi, da leshi, da takalma, har da man shafawa. Zobe ko a bakinta. Na ce a raina ba ta kai gare shi ba tukuna, na ci gaba da murmushi ni kaɗai.

Ranar gaisuwa na sha babbar riga ta aro, abokina ya raka ni. Aka shigar da mu falon Alhaji, mahaifin Nafisa, ga ƙannensa zazzaune, mata kuma suna bayan labule ana leƙe. A kan darduma kusa da ƙofa ga Dada, kakar Nafisa, tana goga goro a magogi. Na durƙusa na sunkuyar da kai yadda ake so. To, wanda ya sunkuyar da kai hannaye yake gani. A ƙaramin yatsan Dada, cikin jan garin goro, wani abu ya yi mini wal.

Na sake dubawa, zobena ne. Ashe atamfar da aka ware ta kakar amarya ce. A danginmu haka ake yi, kowace yarinya ta san da haka. Ni da na haddace yankan daimon, ban sani ba.

"A'a, ga mijina ya zo," in ji Dada, irin wasan kaka da mijin jika. "Na ga atamfa, Allah ya yi albarka. Har da ɗan zobe na tsinta a ciki, irin na 'yan koli. To ni me zan yi da kwalba a tsufana? Sai kama mini mayafi yake." Ta ɗaga murya ta tsakar gida. "Ina mai nonon nan ta Zungur? Ba ta tafi ba ko? Zo ki karɓa ki kai wa 'yarki ta yi wasa."

Ta zare zoben. Na ga hannun mai nono ya shigo ta ƙofa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai san na taka bakin babbar riga, na yi gaba da kwanon kunun zaƙin da aka ajiye mana, na zube a gaban Dada na damƙe hannunta da hannu biyu, na kurma ihu a falon surukina:

"Dada, don girman Allah! Daimon ne!"

Kunu na bin darduma. Abokina ya kafa wa silin ido kamar bai taɓa ganina ba.

"Daimon?" in ji Alhaji a hankali.

Nan ya kamata in yi shiru. Amma bakina ya ƙi. Ina durƙushe cikin kunu, riƙe da hannun tsohuwa, na hau yi wa surukaina darasin yanka da haske da tsabtar ciki. Wani ƙanen Alhaji ya katse ni.

"Gram nawa ne?"

"Baffa, ai shi ba a gram ake..."

"To in an matsu, wa zai saya a garin nan?"

Wannan tambaya ba ta cikin abin da na karanta a waya. Sai Alhaji ya tambayi nawa na saya. Na faɗa ƙasa-ƙasa. Ya ce bai ji ba. Na maimaita. Daga bayan labule mata suka ɗauki salati baki ɗaya kamar an yi rasuwa. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Dada ta zare hannunta daga nawa. Ta ɗaga zoben ta kalle shi ta gefen taga, ta goge shi da bakin zani, sannan ta mayar da shi yatsanta, ta murza shi ya zauna daram.

"Mai nono, je ki abinki, gobe na ba ki goro." Ta juyo gare ni. "Da kwalba ce da na bayar. Amma tunda yaron nan ya girmama ni haka, ai ba na mayar masa da hannu baya ba. Tun da nake, ko marigayi mijina bai taɓa saya mini irin wannan ba. Nafisa ta yi haƙuri, ranar da na mutu ta ɗauka."

Wa zai ce wa kakar amarya ta cire? Alhaji ya buɗe baki, ta harare shi, ya rufe. Ni kuwa, da bakina na ce, "Allah ya ja kwana, Dada." Aka amsa da amin, har da masu dariya a bayan labule.

Da na ba Nafisa labarin dalilin sayen zoben, sai ta ce ita sam ba ta ma tuna ta nuna mini wani hoto ba. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in da hannu na miƙa mata, ko na kwalba ne da ta sa. Wannan maganar ta fi ihun falo yi mini ciwo, don gaskiya ce.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mace kyauta, ka damƙa mata a hannu, kuma kafin ka taɓa akwatin lefe ka tambayi gwaggonka. Yanzu yaranmu biyu, Dada kuwa ta fi ni lafiya, da ƙafa take zuwa unguwa. Duk Juma'a in na je gaishe ta, na durƙusa na ce, "Dada, ya ƙarfin jiki?" sai ta ɗaga ɗan yatsan a saitin fuskata ta ce:

"Garau nake, ɗan nan. Kada ma ka sa rai."