Ranar da Na Dasa Kacala da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da safiyata ta farko a ƙasar Holan ba, ko da zan manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Ƙungiyar matanmu ta nan Haɗeja ce aka ba gurbin mutum ɗaya, ya je aikin sa kai a wani lambun al'umma can, ya koya musu saƙar tabarma. Hajiya shugabarmu ta ce ni za a tura, wai don ba ni da hayaniya, kuma karatun yaƙi da jahilcin da na yi ya ishe ni karanta allon filin jirgi. Ranar tafiya ta riƙe hannuna ta ce, “Ke dai kada ki ba mu kunya. In kin yi kyau, baɗi ma za su kira wata.” Na ce, “Haba Hajiya, ni ce fa.”

Gidan wata tsohuwa aka sauke ni, mijinta ya rasu. Ta yi aikin jinya a arewacin Najeriya tun tana budurwa, don haka tana jin Hausa, irin ta da can, mai “sannu da aiki” a kowace gaɓa. Ina ce mata Inna, ita kuma ta ce mini 'yata. Abubuwa sun ba ni mamaki: tsofaffi a kan keke, rana ba ta faɗuwa sai mutum ya gaji da jiranta, abincin rana kuma burodi da cuku (na yi ta jiran a kawo tuwon, shiru). Amma ƙasar duk ruwa ce da fadama kamar tamu, sai na ji ban yi nisa ba.

Da asuba bayan na yi salla na leƙa filin da ke bayan gidan. Ga wani ɗan kududdufi, kuma kacala ta cika shi fal, har ta fitar da kawunanta. Wanda bai san kacala ba, ciyawa ce doguwa da ta toshe mana hanyoyin ruwa tun daga Guri har ƙauyukanmu. Ita ta cinye gonar shinkafar Malam, maigidana, a cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana su wayi gari a kan hatsin mutane. Na ce a raina, “Allah sarki Inna, tsufa ya zo, babu mai taimako, abokiyar gaba ta shigo har gida.”

Ban yi shawara da kowa ba, don wannan fagen nawa ne. Na ɗaure zani, na shiga ruwan nan mai sanyin ƙanƙara, na dinga tumɓuke ta da saiwarta, yadda ba za ta sake tsirowa ba. Har wani ɗan tsuntsu ya tashi yana tsiwa, na ce, “Tafi can, na san irinku.” Kafin hantsi kududdufi ya yi tas, na tara ta gefe tuli guda, na tsaya ina jiran godiya (har na shirya abin da zan ce: “Ai ba komai Inna, yi wa kai ne”).

Inna ta fito da kofin shayi a hannu. Ta dubi ruwan, ta dubi tulin, ta dube ni, taɓo har gwiwa. Ta zauna a kan dakali a hankali.

“'Yata, wa ya yi wannan aiki?”

“Ni ce, Inna. Kin huta. Da kin bar ta, baɗi har ɗakin girki za ta shigo.”

Ta ce, “Mijina ne ya dasa ta. Daga nesa ya sayo ta, saboda wani ɗan tsuntsu mai waƙa da ke sheƙa a ciki. Kullum da safe nan nake zama ina sauraronsa.”

Sayo ta! Kacala! Na so in nutse a kududdufin, sai dai ruwan bai kai ƙugu ba. Fuskar Hajiya kawai nake gani, da gurbin baɗi da na tumɓuke da saiwarsa. Na durƙusa na ce, “Inna, ki yafe mini, don Allah kada ki faɗa wa mutanen lambu.” Ta tambaye ni dalili, na ba ta labarin gonar Malam da jan-baki. Ta share ido, sai kuma dariya ta ƙwace mata. Ta ce, “To ke da kika san ta, za ta rayu in an mayar?”

Na ce, “Inna, wannan ko wuta kika sa mata sai ta dawo.”

Haka ni, 'yar Haɗeja, matar manomin shinkafa, na koma cikin ruwa ina dasa kacala layi-layi, ina danna gindinta kamar dashen shinkafa, ina ma yi mata bisimilla. Inna ta ji daɗi har ta ɗauke ni hoto, kuma don ta yabe ni, ta aika wa Hajiya.

Da yamma Malam ya kira ni a waya, ashe hoton ya riga ya kai gare shi. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, “Maman Hauwa, ashe iri kika kai musu? Da kin faɗa, ai da na cika miki buhu.”

Kacala ta kama, kamar yadda na faɗa, kuma kafin in taho tsuntsun ya dawo. Baɗin ma sun kira wata daga cikinmu. Da Hajiya ta ce in yi mata nasiha, abu ɗaya na gaya mata: a gidan mutane, ko maƙiyinki kika tarar a tsakar gida, ki fara tambayar wa ya ba shi tabarma.