Miksa Mai Nauyi

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na ƙauyen Bahuli ba, ko da kuwa zan manta sunana. Ƙanina Yakubu ne ya samu aikin DJ karo na farko, kuma kun san halin Mubi, in ka ɓata bikin farko har Belel sai an ji labari. Sifiku yana da su, miksa ce babu, wato na'urar haɗa sauti. Ni kuma, da yake na taɓa zama a Kano kusa da shagon masu gyaran rediyo (kusa fa na ce, ban taɓa shiga ba), sai na naɗa kaina gwani na raka shi kasuwa.

Yakubu ya ɗauki wata 'yar ƙarama mai jikin ƙarfe, yana murɗa maɓallanta yana ƙirga ramukan makirfo. Ya ce, "Yaya, wannan ba ta rawa ko kaɗan."

Na karɓa na jinjina ta a hannu, na taɓe baki. Na ɗauko wata ƙatuwa mai fitilu ja da kore, wadda sai da na yi nishi kafin ta ɗagu. Na ce, "Ka ji nauyi? Kayan wuta na asali da nauyi ake gane shi." Jikinta roba ce, maɓallan suna lilo, amma wa zai ja da babban wa a gaban mai shago? Ya ciro kuɗi ya biya.

A keke, duk ramin da muka faɗa sai wani abu ya yi ƙwal a cikinta. Na ce masa injin ne yake zama daidai.

Ranar bikin da la'asar fili ya cika. Ba wanda ya roƙe ni, wallahi, amma na karɓi makirfo na sanar wa jama'a cewa wannan na'ura ni na zaɓo ta da hannuna. Har tafi aka yi mini.

Amarya ta fito, ƙawaye na biye da ita. Yakubu ya tura maɓallin ƙara sauti, sai maɓallin ya biyo hannunsa, kiɗa ya ɗauke ɗif. Amarya ta tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Na ce kowa ya kwantar da hankali, na ɗaga miksar sama na girgiza. Gindinta ya ɓalle, wani abu ya faɗo mini a babban yatsa.

Tayil ne. Tayil na daɓen ƙasa, mai zanen fulawa, da busasshen gam a bayansa. Shi ne duk nauyin da na yi ta yabo.

Wata tsohuwa ta duƙa ta ɗauka, ta juya shi, ta ce, "Ɗana, wannan irin shi ne a bayan gida na."

Dariyar da aka yi, har angon sai da ya riƙe ciki. Mata suka kama waƙa da tafi, amarya ta ƙarasa rawarta a haka. Ni dai ina tsaye da fankon roba a hannu, yatsa na zugi, kunya kamar in nutse. Amma abin da ya fi ci mini rai fuskar Yakubu ce, yana naɗe wayoyinsa bai kalli kowa ba.

Wani biki da aka yi masa alkawari a Sabon Layi, washegari aka ba wani. Bai taɓa yi mini gori ba. Na dai koyi cewa girman wa ba ya sa mutum ya san abin da bai sani ba. Ranar da zai sayi wata miksar, na shirya tsaf har da hula, sai na tarar ya riga ya tafi, Mamarmu ya ɗauka ta raka shi.